Gwajin Kai na Ranar Litinin

Lozells, Birmingham

Zuwa ga ɗana Ishaya,

Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan ka sauka Manchester lafiya. Ina fata ɗakin da kulob ya ba ka yana da ɗumi, kuma waɗanda aka haɗa ku zama mutanen kirki ne. Ubangiji ya tsare fitarka da shigarka, ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a fili. Mamarka tana gaishe ka. Ta ce yajin yana cikin aljihun jakarka na gefe, kada ka ce ba ta sa ba.

Ka riga ka gane wannan ba hannuna ba ne. Ƙanwarka Saratu ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Idan na kalli takarda na ɗan jima, sai layukan su riƙa hawa kan juna. Na ce da Hausa za mu yi, domin kwanakin nan Turanci yakan zame mini a tsakiyar magana, Hausa kuwa tana nan inda na bar ta. Saratu ta yi firamarenta a wurin kakarku ta wajen uwa a Jos, ta fi mu duka iya rubuta ta. Kai dai ka karanta a hankali, ka ɗaga murya, za ka gane.

Ba zan cika ka da labarin gida ba. Magana ɗaya ce ta sa na zaunar da yarinyar nan. Ranar Litinin za a yi muku gwajin kai na farkon kakar wasa, wanda kuke kira baseline.

Ranar da za ka tafi, kana sama kana haɗa kaya, ni ina gindin matakala ina neman wani abu, ban tuna ko mene ne ba. Sai na ji kana waya da wani kana dariya. Ka ce masa ranar Litinin ya bi a hankali, kada ya yi sauri. Ka ce, "My dad told me." Na tsaya a wurin. Bayan ka tafi sai na fara shakka, ko na ji ne da kunnena, ko kaina ne ya ƙirƙiro, domin yanzu yana yi mini haka. Na tambayi Saratu, don ita ma tana wurin tana ninke kaya.

Ta ce, "Na ji, Baba."

Na ce, "Me ya ce?"

Ta ce, "Abin da ka ce ya ce."

Na ce, "Kin san abin da yake nufi?"

Ta ce, "Ai labarin Gaz ne. Wanda kake ba mu a tebur."

To, Ishaya, ka ji abin da ya hana ni sakewa. Bari in fara daga farko, ko zan iya bin hanyar ban ɓace ba.

Ina yaro aka kawo ni ƙasar nan. A makaranta wani malami ya dubi kafaɗuna ya ce in zo in gwada rugby. Kakarka ta zo kallo sau ɗaya, ta tsaya cikin sanyi da mayafinta, da aka tashi ta ce, "Bitrus, wannan wane irin wasa ne, ana gudu gaba ana jefa ƙwallo baya? Ƙwallon ma kamar gwanda." Ba ta sake zuwa ba, amma kullum tana wanke mini kayan da suka sha taɓo tana mita. Na fara a wani ƙaramin kulob a nan Birmingham, daga baya aka ɗauke ni ana biya na, har na yi shekaru a Manchester, garin da kake yanzu. Flanker nake bugawa, kamar kai. Aikina in riga kowa isa inda aka ka da mutum, in sa kaina a wurin da mai hankali ba zai sa ƙafarsa ba, in ƙwato ƙwallo. Na iya aikin. Ba yabon kai ba ne, na iya.

Kuskurena na farko, na so suna. Ni kaɗai ne baƙar fata a ɗakin canza kaya, ba ni da yawan magana, ban iya barkwancinsu ba, ba na shan abin da suke sha. Abu ɗaya na gano yana sa su buga mini baya, wato idan aka buge ni na tashi kamar ba a yi komai ba. Suka sa mini suna Hammer, guduma ke nan. Na ji daɗin sunan nan fiye da yadda ya kamata. Da zarar an ba ka irin wannan suna, sai ka koma yi masa aiki. Ba ka isa ka ce kanka yana ciwo ba, don guduma ba ta ciwon kai. Ɗana, idan suka sa maka suna, ka yi dariya ka amsa, amma kada ka zama bawansa. Sunan da muka ba ka a gida ya ishe ka.

Na biyu shi ne babban, kuma shi ne na ranar Litinin. A zamanina aka fara kawo gwajin nan. Kafin kaka ta fara, za a zaunar da kai gaban kwamfuta lokacin da kanka yake garau. Kati zai juyo, in ja ne ka danna nan, in baƙi ne ka danna can, da iyakar saurinka. Za a faɗa maka kalmomi ka riƙe, a ce ka karanto lambobi daga baya zuwa gaba. Sai a ajiye sakamakon. Duk ranar da aka buge ka a kai, za a sake yi maka, a gwada da na farko. In ka yi ƙasa da yadda kake, ba ka warke ba ke nan, sai ka zauna a benci. In kuwa ka zauna, wani zai sa rigarka, kuma mai yiwuwa ba zai cire ba.

Akwai wani tsohon ɗan wasa a cikinmu, Gaz, ƙato mai kunnuwa kamar an tauna. Shi ne ya riƙe ni kamar ƙane tun zuwana. Muna layin shiga ɗakin gwajin, ya ga ina murza yatsu ina shiri, sai ya dafa ni.

Ya ce, "Pete, ina za ka da wannan zafin? Jarrabawar jami'a kake tsammani?"

Na ce ina so in yi kyau.

Ya ce, "In ka yi kyau yau, ka kashe kanka a watan sanyi. Danna kamar kakarka ce ke dannawa. Ka manta kalma ɗaya ko biyu. Kada ka manta duka, mate, za su gane."

Na shiga na yi yadda ya ce. Kati ya juyo, na gan shi sarai, na ɗan jira, sannan na danna. Matar da ke kula da mu ta dubi allon, ta dube ni, ta ce ko ban yi barci sosai ba. Na ce haka nake. Da na fito Gaz ya tambaye ni, na gaya masa, ya yi dariya har da riƙe bango. Ba ni kaɗai na yi ba, kuma ba na so ka ɗauka Gaz mugu ne. A ganinsa taimakona ya yi. Yana da iyali, ni ma ina da mamarka da cikinka. Amma ka duba abin da na yi. Mutanen nan sun zo su auna kaina don su kare shi, ni kuma na ba su ma'aunin ƙarya. Daga ranar, duk lokacin da aka buge ni na ruɗe, ruɗaɗɗen Bitrus yana daidai da wanda ke cikin kwamfutarsu. Sai su ce na warke, ban zauna a benci ba, ba wanda ya sa rigata.

Saratu ta ce na riga na faɗi maganar riga da benci. Na ce ta bar shi, kada ta goge komai.

Yanzu zan gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. Ka san hoton da ke saman talabijin, wanda nake riƙe da kai a coci ranar da aka miƙa ka, ina sanye da babbar riga mai ruwan toka, fasto yana gefe? Na sha ba ka labarin ranar. Na ce ka yi kuka har fasto ya rasa inda ya tsaya a addu'a, na ce ka kama mini yatsa. Ishaya, ban tuna ranar nan ba. Ko kaɗan. Daga hoton da bakin mamarka na harhaɗa labarin.

Ga yadda aka yi. Mako guda kafin nan an buge ni a kai a wani wasa. Cikin mako aka sake mini gwajin, kaina yana sarawa, hasken kwamfutar yana sukar idona, amma na wuce, tunda da na ƙarya ake gwadawa. Asabar ta zo, muna da babban wasa a Manchester, ana ruwa. Na tuna ina ɗaure takalmi. Daga nan sai labarin mutane. An ce gwiwar wani ta same ni a gefen kai, na kwanta, na tashi. An ce mai duba mu ya rugo ya tambaye ni nawa da nawa ake ci, wani daga cikinmu ya raɗa mini amsa ta bayansa, na faɗa. An ce na ci gaba, har na kai ƙwallo bayan layi a ƙarshen wasa, muka yi nasara, aka ɗaga ni sama. Na kalli bidiyon sau da yawa. Mutumin yana gudu irin nawa, yana da lambata a baya, amma kamar wani nake kallo. Washegari Lahadi aka kai ka coci. Sai wajen tsakiyar mako na farka na ga kaina a kicin, da kofin shayi a hannu, ina tambayar mamarka yaushe za a yi bikin yaron. Ta ɗauka wasa nake.

Wasan da ya fi kowanne a rayuwata, da ranar da na tsaya gaban jama'a na ce wannan ɗana ne, duka biyun ba ni da su. Shawarar a nan gajera ce. In an buge ka, ƙasa ta juya, ko ka ga walƙiya, ko ka ji kamar kana cikin ruwa, ka fita. Kada ka jira a tambaye ka. In abokinka ne ya faɗi, kada ka raɗa masa amsa.

A nan ne nake ruɗewa, kuma ba zan ɓoye maka ba. Likitarmu ta unguwa, GP, ta tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa, ya yi hotuna, ya yi tambayoyi, a ƙarshe ya ce ba zai iya rantsewa wasan ne ya jawo ba. Wataƙila shi ne, wataƙila da ma haka zan zama. Gaz da ya koya mini dabarar yana nan garau, yana aikin gini, yana tuna sakamakon wasannin da ni na manta an yi su. Wani kuma da na sani bai taɓa yin wayo ba, yau matarsa ke ɗaure masa takalmi. To me zan ce? Wani lokaci ina cewa da na sani da ban taɓa ƙwallon nan ba. Wani lokaci kuma in na wuce filin makaranta na ji ƙanshin ciyawar da aka yanke, sai in ji da za a ba ni riga yanzu da na shiga. Waƙar da muke yi a mota in mun ci wasa, yadda mutum yake miƙo maka hannu ya ɗaga ka daga taɓo bayan ya gama niƙa ka, ban sami irinsu a wani wuri ba, har a coci, Allah ya gafarta mini.

Ranar da mutanen Manchester suka zo kallonka, ka ka da wani yaro da ya fi ka girma, na yi ihu har muryata ta dushe. Na ce wa na kusa da ni, wancan nawa ne. Da muka koma mota na kasa tuƙi, sai mamarka ce ta tuƙa. Har yau ban sani ba, murna ce ko tsoro. Da ya kamata in hana ka tafiya? Mamarka ta tambaye ni, na ce ban sani ba. Ta ce, "Kai ne ka buga, in ba ka sani ba wa zai sani?" Ba zan ce ka dawo ba, don na ga fuskarka in kana fili. Ba zan kuma ce ka kwantar da hankali babu komai ba. Tsakanin biyun nan nake tsaye.

Akwai kuskure na uku, ɓoyewa. Kwanakin baya mamarka ta aike ni Small Heath sayen nama. Na saya, na fito, sai hanya ta ɓace mini. Na san shagunan, na san masallacin da ke tsallake, amma ban san ta ina gida yake ba. Na tsaya riƙe da leda. Ka san Alhaji Musa, mutumin Ghana mai tasi, wanda yake kawo mana naman layya duk shekara. Sai ga shi ya tsaya ya sauke gilashi.

Ya ce, "Malam Bitrus, lafiya? Na wuce ɗazu na gan ka, na kai fasinja Sparkhill na dawo, kana nan."

Na ce, "Bas nake jira, Alhaji."

Ya dubi inda nake ya ce, "A ƙofar shagon aski? To in ta zo ka ce ta rage maka gefe. Shigo, don Allah."

A hanya bai tambaye ni komai ba, sai hirar ƙwallon ƙafa yake yi, yana tsokanata wai mu 'yan rugby mun rasa ƙafa ne shi ya sa muke ɗauka da hannu. Da muka iso Lozells na roƙe shi kada ya gaya wa mamarka. Ya ce, "Ni ba zan kai ƙararka ba. Amma in Maman Ishaya ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba, ina jin tsoronta fiye da council mai ba ni lasisin tasi."

Ba ta ma tambaye shi ba. Washegari ta sami naman a cikin kabad ɗin takalma. Ta zo ta tsaya a gabana da ledar, ta ce, "Bitrus, ni ma irin wayon da ka yi wa kwamfuta za ka yi mini?" Sai ta zauna ta yi kuka. Ashe ta daɗe da lura, tana jira in faɗa da bakina. Da na faɗa tun da wuri, da ta daina aikena ni kaɗai, da an fara duba ni tun tuni. Ɗana, ka sami mutum ɗaya a can wanda ba ka yi masa ƙarya game da jikinka. In likitan kulob ne, to. In ba ka yarda da kowa ba, ka kira mamarka. Za ta yi faɗa, amma ka kira.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi ci mini rai, domin kai na yi wa. Na mai da abin nan labarin ban dariya. In muna cin tuwo ranar Lahadi da baƙi, sai in kwaikwayi muryar Gaz, in ɗaga yatsa sama in sauke shi a hankali kamar tsohuwa, kowa ya fashe. Kai kana ƙarami kana dariya har kana ƙwarewa, kana cewa, "Again, Dad!" Ina jin daɗin ganinka haka. Ban taɓa ba ka rabin labarin na biyu ba, na kicin da kofin shayi. Na ba ka dabarar, na riƙe abin da ta jawo. Yanzu ga shi ka ɗauke ta zuwa Manchester, har kana raba wa abokai da sunana.

An ce mini yanzu an ƙara tsanantawa, likitoci sun fi na zamaninmu sa ido, wai ma suna iya gane mai yin wayo. Ban sani ba. Abin da na sani, yaro mai son riga zai sami hanya, kuma kai ɗana ne, kana da wayon da ya fi nawa.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Ban ce umarni ba, roƙo na ce. Ranar Litinin ka yi barci sosai, ka karya kumallo, ka shiga ɗakin nan ka yi da iyakar ƙarfinka. Kati ya juyo, ka danna kamar ana bin ka. Kowace kalma ka riƙe ta. Ka bar su su ga ainihin kanka, mai kaifi, yadda Allah ya yi shi, domin ranar da ya dushe su gane. Na san abin da hakan zai iya jawowa. Wata rana za ka ji kamar ka warke su ce ka zauna, wani ya sa rigarka, mai yiwuwa kwantiragin ma ya tafi. Ba zan ce maka ba zai yi zafi ba. In ya faru ka dawo gida, ɗakinka yana nan, ka yi fushi da ni yadda kake so. Yaron da ka yi waya da shi kuma, ka sake kiransa. Ka ce masa babanka ya ce kuskure ne ya koya maka.

In ka fito daga gwajin ka kira mamarka ka gaya mata yadda ka yi. Ita ka gaya wa, kada ni, don kada labarin ya zube daga kaina.

Saura abu ɗaya. Mai yiwuwa ka zo hutun Kirsimeti, muna tebur, in manta na aiko maka da wannan, in ɗaga yatsa in fara labarin Gaz ina dariya. In haka ta faru, kada ka yarda da wancan mutumin. Ka yi masa dariya in kana so, don kada ya ji kunya, amma wanda ke magana a takardar nan shi ne babanka, a ranar da kansa yake daidai.

Ubangiji ya sa maka albarka, ya kiyaye ka. Ya kiyaye wuyanka da gwiwoyinka, ya kiyaye kanka. Ya sa duk wanda ka ka da ya tashi lafiya, kai ma ka tashi lafiya. Ya ba ka ranakun murna masu yawa, ya kuma bar maka su a zuciya har tsufa. Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Bitrus

Yaya, Saratu ce. Baba bai ce in ƙara wannan ba. Da muka gama muka zauna cin abinci, sai ya fara labarin Gaz, ya ɗaga yatsa. Mama ta ajiye cokali, ba wanda ya yi dariya. Ya ce me ya faru. Na ɗauko takardar na karanta masa tun daga farko. Da na kai ƙarshe sai ya ce, "Wannan gaskiya ne. Ki kai gidan waya yanzu, kafin Litinin." Ga shi zan tafi. Don Allah, Yaya, ka yi sauri a gwajin. Allah ya tsare ka.